Gwangwanin Madarar Da Na Sayo Wa Saratu

Sintali, Jalingo.

Zuwa ga ɗana Iliya,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, kai da matarka Na'omi. Na cusa wannan takarda a aljihun jakarka ne don ka karanta bayan kun sauka a garin Mutum Biyu, kun sha ruwa, hankalinku ya kwanta. Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki. Allah ya ba ka haƙuri da yaran makarantar da aka tura ka koyarwa, ya kuma sauki Na'omi lafiya idan kwanakinta sun cika. Amin.

Ka san ni ba mutumin rubutu ba ne. Duk aikin da na yi wa gwamnati tuƙin mota ne, rubutuna bai wuce sa hannu a takardar shan mai ba. Amma akwai maganar da bakina ya kasa faɗa maka ido da ido, kuma ba zan bari ka tafi da mace mai cikin wata bakwai ba tare da ka ji ta ba.

Ranar da muke ɗaure kayanku, na ɗaga kwalin kayan jariri, gindinsa ya buɗe, sai ga fida biyu da gwangwanin madara sun gangaro ƙasa. Ka yi dariya ka ce abokan aikinka ne suka ba ku. Ka ce, "Baba, don Na'omi ta riƙa hutawa." Da mamanka ta tambaye ka ko ka taɓa raka ta awon ciki, ka ce, "Mama, ai wannan layin mata ne." Ban so in kunyata ka a gaban matarka ba. Na fita bayan gida na tsaya a gindin mangwaro. Maganar nan da ka yi, da bakina na taɓa yin ta, kusan kalma da kalma.

Kai ka san yayarka Saratu tela ce mai yawan dariya a Majidaɗi, uwar 'ya'ya biyu. Ba ka san ta kusa mutuwa tana 'yar wata huɗu ba, kuma ni ne sanadi. Jiya na je shagonta na nemi izininta kafin in rubuta maka. Ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ta ce, "Baba, ka faɗa masa duka, kada ka rage." To ga shi.

Lokacin da mamanka take da cikin Saratu, ranar awo nakan sauke ta a ƙofar asibiti in wuce ofis. Ko sau ɗaya ban taɓa shiga ba. In ta dawo tana ba ni labarin abin da nas ta koya musu, kunnena na wajen rediyo. Ranar haihuwa ma ina waje a kan benci. Da aka fito aka ce mace ce, na gode wa Allah, amma abin da ya fi damuna shi ne in kai su gida kafin ogana ya neme ni. Wata nas ta roƙe ni in bar su sai gobe, tana so ta ga jaririyar ta kama nono da kyau kafin a sallame su. Na ce mata, "Sista, uwata na gida, bakwai ta haifa. Ita za ta koya mata." Na sa hannu a takarda na kwashe su.

Kakarka, Allah ya ba ta hutawa, ta zo daga ƙauye don jego. Ba muguwa ba ce, kada ka taɓa ɗaukarta haka. Abin da aka koya mata shi ta sani. Ta dubi ruwan nonon farko, mai kaurin nan da ya yi ɗorawa-ɗorawa, wanda ake kira dakashi, ta ce ƙazanta ne. Ta ce a matse a zubar har kwana uku, kafin nan a riƙa ba jaririya ruwan ɗumi da ɗan sukari a cokali. Mamanka ta ce da ita a hankali, "Mama, a asibiti an ce shi ne maganin farko na yaro, wai shi ke kare shi daga cuta." Kakarka ta juyo ta dube ni. Mamanka ma ta dube ni. Ni kuwa ban san abin da aka faɗa a asibiti ba, tunda ban taɓa shiga ba. Na ce, "Rifkatu, ki yi yadda Mama ta ce." Ina gani ana matse shi a tsohon kwano ana watsarwa bayan ɗaki.

Iliya, ka shiga ciki. Satin da kuka sauka, ka ɗauki katin Na'omi ku je asibitin garin ku yi rajista, ka zauna kusa da ita a layin nan da kake cewa na mata ne. In an yi maka dariya, a yi. Ka ji da kunnenka, ka yi tambaya, ka san fuskar unguwarzomar da za ta karɓi ɗanka. Ranar da gardama za ta tashi a ɗakin mai jego, kuma za ta tashi, idon kowa kanka zai dawo. Namijin da bai ji komai ba, bayan wanda ya fi ɗaga murya yake bi. Ka roƙi unguwarzoma tun yanzu cewa da zarar an haihu a ɗora yaron a ƙirjin uwarsa, ya kama nono kafin a fara kiran 'yan uwa a waya. Kuma kada ka yi gaggawar kwaso su gida. In nas ta ce a jira ta ga yadda yake tsotsa, ka jira.

Bayan kwana ukun nan, nonon mamanka ya cika ya yi tauri kamar dutse. Saratu kuma ta saba da cokali, in an kai ta sai ta cafki kan nonon kawai ta ja. Kan ya tsage, har jini yake yi. Duk lokacin shayarwa mamanka sai ta cusa bakin zane a baki ta cije, hawaye na zuba. Ta ce, "Baban Saratu, ka mai da ni asibiti su duba ni." Na ce, "Wannan ba ciwo ba ne. Kowace mace haka ta yi ta wuce." Daga baya na ga da idona yadda ake gyara wannan matsala. Ba allura, ba tiyata. Nas ce za ta zauna kusa da uwa, ta juyo cikin yaron ya manne da cikinta, ta jira ya wangale baki, ya kama har da baƙin da ke kewaye da kan nonon, haɓarsa na taɓa nono. Aikin da bai kai tsawon cin tuwo ba. Shi na hana matata.

Maimakon haka, ga abin da na yi. A lokacin ina tuƙa wani babban ma'aikaci, kuma ni nake kai matarsa kanti. Ni nake ɗauko mata katan-katan na madarar jarirai in sa a but ɗin mota. Sai na sa a raina cewa abin da manya ke ba 'ya'yansu dole ya fi abin da ke jikin matata. Na je na sayo gwangwani ɗaya da fida, na shigo gida ina taƙama kamar na sayo fili. Ban ajiye shi a ɗakin mai jego ba, a falo na ɗora shi, saman kabad kusa da rediyo, don duk wanda ya zo barka ya gani. Saratu ta karɓi fida, tunda ita ba ta buƙatar wahalar tsotsa. Mamanka ta samu sauƙin ciwo. Cikin 'yan makonni nono ya janye, ya ɗauke gaba ɗaya.

Abin da ban yi tunani ba shi ne ogana yana da famfo da firji da mai aiki, ni kuma rijiyar tsakar gida gare ni da risho ɗaya. Kuma yarinya na girma, gwangwani na ƙarewa tun wata bai yi nisa ba. Wata safiya mamanka ta nuna mini gindin gwangwani. Na ce, "Ki rage cokali, ki ƙara ruwa. Ai dai fari ne." Ta ce, "A jikin gwangwanin ba haka aka rubuta ba." Na ce, "Wanda ya rubuta shi ke saya?" Daga ranar Saratu ruwa take sha mai launin madara.

Ban ce madarar gwangwani guba ce ba. Akwai jaririn da uwarsa ta rasu, akwai uwar da likita da kansa zai ce kada ta shayar, waɗannan ita ce ke ceton su, kuma asibiti na koya musu yadda za su haɗa ta da tsabta. Amma wannan hukuncin na likita ne, ba na abokan aikinka ba, ba kuma naka ba. In kana so Na'omi ta huta, ka ɗebo ruwa, ka wanke zannuwa, ka goya yaron ta yi barcin rana. In ta ce nono na mata ciwo, ko ta ce tana ganin ba ya isar yaro, a ranar za ka tare keke ku tafi asibiti. Kada ka ce gobe.

Gudawa ta fara kama Saratu, ta tsaya, ta dawo. Na je kemis na karɓo maganin ruwa. Gashinta da aka haife ta da shi baƙi wuluk ya koma ja-ja, yana zuba a kan matashi. Ta daina dariya, kukanta ma ya zama siriri. Amma sai kumatunta suka cika, ƙafafunta suka yi ɓul-ɓul. Ni da jahilcina na ɗauka ƙiba ce. Har ɗaga ta na yi a ƙofar coci ina nuna wa mutane, ina cewa, "Ku ga aikin madara." Mamanka ta ce, "Yarinyar nan ba lafiya gare ta ba. Mu kai ta asibiti." Na ƙi, don a can ƙasan raina ina tsoron a tambaye ni abin da muke ba ta. Da ta matsa, sai na faɗa mata maganar da ta fi kowace muni a duk zaman aurenmu. Na ce, "Da nononki na da kirki, da ba mu kai nan ba."

Washegari na dawo cin abincin rana na tarar da ƙofa a kulle. Maƙwabciyarmu ta ce tun da safe ta goya yarinya ta nufi asibiti da ƙafa. Na shiga motar gwamnati na bi ta a fusace, wai mace ta fita ba da izinina ba.

A ɗakin yara na same su. Kusa da gadon akwai wata nas gajeriya, Bafulatana, ta manyanta, tabarau na rataye a wuyanta da igiya. Sista Fadimatu ake kiranta. Kowane jariri ɓingel take ce masa, da yarensu. Ta dube ni ta ce, "Kai ne baban ɓingel?"

Na ce, "Ni ne. Na zo ɗaukar iyalina."

Ta ce, "To. Kafin ka ɗauke su, ara mini babban yatsanka."

Ta kama yatsana ta danna a bayan ƙafar Saratu, ta riƙe kaɗan, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ya zauna a lotse kamar an danna ƙullin fulawa. Muna kallo, bai taso ba.

Ta ce, "Baban Saratu, wannan ba ƙiba ba ce. Ruwa ne. Yunwa ce ta kumbura ta. Tamowa ke nan."

Na ce, "Yunwa? A gidana? Madarar kanti take sha!"

Ta ce, "Cokali nawa kuke zubawa?"

Ta dubi mamanka. Mamanka ta sunkuyar da kai, ta ƙi magana. Duk da abin da na faɗa mata jiya, rufa mini asiri take yi. Na ce, "Sista, ni na ce a rage."

Na jira zagi. Ba ta zage ni ba. Ta sa tabarau ta rubuta wani abu a kati ta ce, "Madalla da ka faɗa. Yanzu mun san inda za mu fara."

Ka riƙe wannan, ɗana. Kada ka ɓoye wa ma'aikacin asibiti gaskiya don kare girmanka. Ko jiƙo aka ba yaro, ko ruwa, ko maganin kemis, ka faɗa. Kuma in Na'omi ta ce yaron nan ba daidai yake ba, ka yarda da ita ko kai ba ka ga komai ba. Ita ke tare da shi wuni guda. Da mamanka ta jira izinina, da ba ka da yaya.

Likita ya ba da magani, aka fara ba Saratu wata madara ta musamman da su suke haɗawa, kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Bayan 'yan kwanaki kumburin ya saɓe, sai ga ainihin yarinyar ta fito, fata da ƙashi, haƙarƙarinta a waje. Na tayar da hankali na ce sun ƙara lalata ta. Sista Fadimatu ta ce, "Da ma haka take. Ruwa ne ya ɓoye maka ita." Sannan ta zauna a bakin gado ta ce wa mamanka, "Maman Saratu, gida za ku koma wata rana, kuma rijiyar nan tana nan, rishon nan yana nan. Abin da zai riƙe ɓingel shi ne nononki. Za mu dawo da shi."

Mamanka ta ce, "Sista, ya ɗauke tun tuni."

Ta ce, "In ana tsotsa, yana dawowa. Na gani ba sau ɗaya ba. Amma da wahala, kuma sai da mai taimako."

Ta kawo wata siririyar roba mai rami. Baki ɗaya ta tsoma a kofin madara, ɗayan ta manna da filasta a kan nonon mamanka. In Saratu ta kama nono ta tsotsa, madarar kofi ce ke biyo roba ta shiga bakinta, ita kuma tana ganin daga uwarta take fitowa, sai ta ci gaba da ja. Jan nan shi ke tada nono. Amma sai wani ya riƙe kofin, ya ɗaga shi in ta gaji, ya sauke in ta yi ƙarfi. Ɗakin cike yake da yara, nas biyu ne kawai a kan aiki. Sista ta miƙo mini kofin ta ce, "Hannu muke nema."

Na duba, ni kaɗai ne namiji a ɗakin, cikin kakin direba. Mata suna rufe baki da mayafi suna dariya. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Amma na karɓa. Na je na roƙi ogana hutu, ina tsammanin zai kore ni, sai ya ce in je in kula da 'yata. Haka na riƙa tsayuwa a gefen gado da kofi a hannu, safe da rana da yamma, har kafaɗata ta riƙe.

Ko a nan ban gama wauta ba. Mako guda ya wuce, ko ɗigo bai fito ba. Saratu takan saki nono ta yi ta tsala kuka, mamanka ma ta fashe da nata. Zuciyata ta karye. Na je gida na ɗauko fida na ɓoye a aljihun wando, da niyyar in Sista ta fita mu ba ta ta ƙoshi. Ashe ta ga tudun aljihuna. Ta ce, "Fito da ita." Na fito da ita. Ta cire robar bakin, ta juya cikinta waje, ta ce, "Shinshina." Wani tsami ya bugi hancina, ga baƙin datti a lungun da wanki ba ya kaiwa. Abin da na riƙa sa wa 'yata a baki ke nan wata da watanni.

Ta ce, "'Yarka ce, ba ni da ikon hana ka. Amma in ta koma wannan, ba za ta ƙara wahalar tsotson uwarta ba, aikinmu ya tashi a banza. Ka ba ni mako ɗaya kawai."

Da hannuna na jefa fidar a kwandon shara.

Bai kai makon ba. Wata safiya ina riƙe da kofi, Sista ta zo ta tsaya a kanmu. Ta sa yatsu biyu ta matse robar, ta tsayar da madarar kofi. Na buɗe baki zan yi magana, ta ce, "Saurara." Ɗakin ya yi mini tsit. Saratu tana ta haɗiya. Ƙut, ƙut, ƙut. Roba a matse, amma tana haɗiya. Da ta saki, sai ga farin ruwa a gefen bakinta. Mamanka ta dubi nononta kamar ba nata ba. Ni kuwa hawaye ya ɓalle mini a gaban matan nan duka. Na ce, "Rifkatu, maganar da na faɗa miki ƙarya ce. Ba abin da ya sami nononki, ni ne na kore shi. Ki gafarta mini."

Ta ce, "Na ji. Riƙe kofin da kyau, kana zubarwa."

Daga nan kullum da safe a ɗora Saratu a sikeli, kullum a rage madarar kofi, nauyinta kuma na hawa. Ranar da aka cire robar gaba ɗaya, aka ga ta ci gaba da hawa da nono kaɗai, aka sallame mu. Na kai wa Sista Fadimatu kaza don godiya, ta ƙi karɓa. Ta ce a yanka wa mai shayarwa.

Saratu ta rayu, amma ba ta yi tafiya da wuri ba, kuma ka san duk gidanmu ita ce ƙarama a jiki. Karatu ya ba ta wuya a farkon firamare. Ba wanda ya taɓa ce mini saboda wancan ne, ni ma ban sani ba. Amma duk ranar da na gan ta tsaye kusa da kai, sai tambayar ta taso mini, kuma haka zan mutu da ita. Ba na so ka ɗauki irin wannan kaya.

Da aka zo haihuwarka, ni ne a gaba a layin awo. Ka sha dakashinka tas. An haife ka ana tsakiyar zafin nan na Jalingo da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. Kakarka ta ɗebo ruwa a cokali ta ce yaro zai mutu da ƙishi. Na durƙusa a gabanta na riƙe hannunta na ce, "Mama, ki yi haƙuri. Akwai ruwa a cikin nonon, ya ishe shi. Uwarsa za mu ba ruwa, shi kuma a ƙara sa shi a nono. Wata shida ba abin da zai shiga bakinsa sai shi." Ta yi fushi, kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. A rana ta uku ita da kanta ta kori wata baƙuwa da ta zo da jiƙo.

Sai na ɗauka na gama koyo. Ashe saura. Da ka wuce wata shida aka fara ba ka kunu, tsararo, na dawa zalla. A gidan kuma, in an yi miya, tsokar kifi da nama kwanona ake zubawa, don ni ne maigida. Mamanka mai shayarwa ita ke ci a ƙarshe, abin da ya rage. Ban taɓa ganin laifin haka ba, haka na taso na gani. Ranar awon yara aka ɗora ka a sikeli, layin katinka da ke hawa ya kwanta. Sista Fadimatu ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Baban Saratu, jiya me ka ci?" Na ce tuwo da kifi. Ta ce, "Mamansa fa?" Na ce abin da ya rage. Ta ce, "Shi fa?" Na ce kunu. Ta ce, "To a gidan nan mutum ɗaya ne ke girma, kuma shi ya riga ya gama girma."

Ranar ta zaunar da ni a gindin bishiya tare da mata, inda suke koyar da dahuwar abincin yara. Na ga yadda ake dama kunu da kauri, a sa gyaɗa da waken soya da aka soya aka niƙa, a daka busasshen kifi a barbaɗa, a ɗiga manja, a murje ƙwai da ganyen zogale. Duk abubuwan nan suna kasuwa, wasu ma suna bayan ɗakinmu. Na dawo gida na ce daga yau kwanon mai shayarwa da na yaro ake fara cikawa. Ka ci gaba da shan nono tare da abinci har ka kusa shekara biyu. Inda za ka zauna yanzu, kifi da gyaɗa da wake ba sa wuya. Kada a ce ɗan malamin makaranta ya rame a garin manoma. Ka riƙa kai shi awo kowane wata ko lafiyarsa lau, kai da kanka ka karanta katin. In Na'omi za ta koma sana'arta, ku tambayi nas ta koya mata yadda ake tatsa a kofi mai murfi a bar wa mai reno.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. In Allah ya sauki Na'omi, ni da mamanka za mu zo, iyayenta ma za su zo. Yanzu mu ne tsofaffin. Abin da muka koya mun koya da daɗewa, kuma na san an samu ƙarin sani tun bayan nan. Watakila mamanka ta zo da wata al'adar jego da take ganin dole ce, watakila ni in buɗe baki in kawo wata dabara tawa. In abin da muka faɗa ya saɓa da abin da aka koya muku a asibiti, na ba ka izini tun yau, a rubuce, ka ƙi. Ka durƙusa, ka yi mana ladabi, amma ka ƙi. In na yi fushi, ka ɗauko wannan takarda ka miƙo mini in karanta rubutun hannuna. Na karanta wa mamanka wannan wurin, ta ce in ƙara da cewa ita ma ta sa hannu.

Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku. Ya ba Na'omi ƙarfi ranar naƙuda, ya ba unguwarzomarta hannu mai sa'a, ya kawo nono a wadace. Ya raya abin da za a haifa, ya girma da ƙarfi da basira. Ya ba ka kunnen ji da ƙafar zuwa asibiti ba tare da an tura ka ba. Mamanka tana gaishe ku, Saratu da yaranta suna gaishe ku. Ka gaishe mini da Na'omi da kyau, kuma ka ba ta ta karanta.

Ni ne babanka,
Istifanus.